Yadda Ake Sabunta Jerin Bugaggun Waƙoƙin Sha'iri: Jagora ga Masu Tara Littattafai

Akwai wani zaure a unguwar Bagalam, nan cikin Maraɗi, inda muke haɗuwa bayan sallar la'asar, mu ƴan kaɗan da Allah ya ɗora wa son tara tsofaffin littattafan waƙa. Abin da ya haɗa mu tun farko wata takarda ce mai shafi huɗu, bugun tafireta, wadda wani dattijo cikinmu ya tsara kafin rasuwarsa, ya jera duk abin da ya sani an buga na waƙoƙin wani sha'iri guda. Mun daɗe muna dogara da ita, har ranar da ɗayanmu ya fito da wani ɗan littafi daga gafakarsa wanda babu shi a jerin, wani kuma ya nuna cewa suna biyu da marigayin ya rubuta daban-daban waƙa ɗaya ce. Daga ranar muka ɗauki aniyar sabunta jerin, kuma hanyar da muka bi ita ce na tsara a nan domin masu son yin irin wannan aiki.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da aikin duka, wato gani ya kori ji. Littafin da ka riƙe da hannunka ka ƙirga shafukansa matsayinsa daban, wanda aka ba ka labarinsa matsayinsa daban, kuma dole jerin ya nuna wa mai karatu wannan bambanci a kowane layi.

Mataki na farko shi ne a yanke iyakar aikin kafin a taɓa littafi ko ɗaya. Ku zauna ku amince a kan sha'irin da ake nufi, ku rubuta duk sunayen da ake kiransa da su, da laƙabinsa, da yadda sunan ke fitowa a ajami da boko, domin maɗaba'a ɗaya takan sa sunan yanka da na mahaifi, wata ta sa sunan gari ko na unguwa. Sannan ku amince a kan abin da zai shiga. Ni a ganina bugaggen abu kowane iri ya cancanci shiga: littafin kamfani, da bugun kasuwa na ajami, da waƙar da ta fito a jarida ko mujalla, da wadda aka sa cikin littafin lakwal, har da takarda guda da aka buga aka raba a wajen wani taro. Rubutun hannu da kasat kuwa a ware musu rataye a ƙarshe, kada a cakuɗa su da bugaggu.

Mataki na biyu, a tattaro abin da magabata suka riga suka rubuta. Littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, wanda ya fito a 1988, yana cikin wuraren da ya kamata a fara dubawa, saboda ya bi tarihin hukumomin ɗab'i da abin da suka fitar. Haka kuma aikin Mervyn Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa, da na Graham Furniss na 1996, suna ɗauke da sunayen bugu da dama. Wanda ya samu hali ya leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam da ke Yamai, wanda tushensa ke komawa ga tarin da Bubu Hama ya yi, ko Arewa House a Kaduna, ko ɗakunan karatu na jami'o'in Zariya da Kano. Duk abin da aka samo ta wannan hanya, har da tsohon jerin da ake son sabuntawa, a rubuta shi a kaye na dabam a matsayin abin da aka ji, sai ranar da ido ya gan shi. Yin haka bai rage wa waɗannan malamai daraja ba, domin su ma wani lokacin daga wani jerin suka ɗauko, kuma kuskuren shekara guda yakan yi ta yawo daga littafi zuwa littafi har ya zama kamar gaskiya.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a fi ɓata lokaci. Kowane kwafi da ya zo hannu a buɗe masa kati nasa, ko shafi guda a kaye, a cika shi littafin yana gabanka, kada a bari sai an koma gida a cika da ka. A fara da sunan littafin kamar yadda yake a bango, harafi da harafi, ko da akwai kuskure a ciki. Idan an rubuta "wakar" babu lanƙwasa, haka za ka kwafa, domin wannan kuskuren wata rana shi zai raba maka bugu biyu. Idan sunan da ke shafin farko ya saɓa da na bango, a rubuta duka biyun. Sai sunan mawallafi yadda aka sa shi, da maɗaba'a, da gari, da shekara in akwai, da adadin shafuka, da tsawo da faɗi a santimita, da launin bango, da kuɗin da aka buga a jiki, da yadda aka haɗa shi, da zare ne ko da ƙusar waya.

Bugun kasuwa na ajami yana bukatar ƙarin kula. Irin waɗannan littattafai marubuci ne yake rubuta su da alƙalami da tawada, sannan a ɗauki hoton rubutun a buga da yawa, kuma mafi yawansu daga Kano da Zariya suke zuwa mana ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Sau da yawa bangon yana ɗauke da jimlar Larabci mai cewa an buga shi da kuɗin wane, wato ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin bugun, a ƙarshe kuma bayan "tammat", kalmar Larabci mai nuna an kammala, marubucin yakan sa sunansa ya roƙi addu'a. Mutum uku ne ke nan daban-daban, sha'iri da marubuci da mai ɗaukar nauyi, kuma na sha ganin an ɗauki sunan marubuci an mai da shi mai waƙar. A ba kowannensu gurbinsa a katin.

Abin da na fi nanatawa ga abokan aikina shi ne a kwafi baitin farko da baitin ƙarshe na kowace waƙa, a ƙirga baitocinta, a faɗi ko ƴar ƙwar biyu ce ko ƴar ƙwar biyar, wato mai layi biyu ko biyar a kowane baiti, a kuma rubuta harafin amsa-amonta. Dalili shi ne sunan waƙar Hausa ba tsayayye ba ne. Sha'iri yakan bar waƙarsa babu suna, masu sayarwa su laƙaba mata wanda zai ja mai saye, almajirai kuma su riƙa kiranta da kalmar da ta fi yawa a amshinta. Doguwar waƙa mai babi-babi, irin Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon sha'irin Zariya da ya rasu a 1990, ta fito a ajami ta kuma fito a boko, wani bugun babi ɗaya ya ɗauka, wani ya haɗa da yawa, saboda haka wanda ya rubuta sunan waƙar kaɗai bai gaya wa kowa abin da ke hannunsa ba. Baitin farko da adadin baitoci su ne shaidar da ba ta sauyawa da son ran mai sayarwa. Da su muka gane cewa suna biyun nan na jerin marigayi abu ɗaya ne, kuma da su muka gano wani bugu da aka yanke wa baiti goma sha ɗaya daga ƙarshe don ya shiga cikin shafi goma sha shida.

Mataki na huɗu shi ne neman shekarar bugun da bai faɗi shekararsa ba, kuma irinsu ne suka fi yawa. Tarkon farko a nan shi ne ramzi. Sha'irai da yawa sukan rufe waƙa da wata kalma wadda haruffanta ke ba da shekarar Hijira, kuma lissafin da ake bi a ƙasar Hausa na Magariba ne, inda shinun ke tsaye a matsayin 1000, sinun kuma 300. Idan ka tarar da shinun da sinun da fa, wadda take 80, ka samu 1380. Domin juya ta zuwa Miladiyya sai ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, abin da zai kai ka 1960 ko 1961, kuma ya kyautu a rubuta shekarun biyu tunda shekarar Hijira takan ratsa biyu na Miladiyya. Sai dai ramzi shekarar da aka tsara waƙar yake faɗi. Ana iya buga ta bayan shekara ashirin ko hamsin, don haka abin da ramzi ke tabbatarwa kawai shi ne bugun bai riga wannan shekara ba.

Sunan hukumar da ta buga littafi yana taimakawa ƙwarai. An kafa Gaskiya Corporation a Zariya a 1945, NORLA, hukumar samar da littattafai ta Arewacin Nijeriya, ta yi aikinta cikin shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, NNPC kuma, kamfanin buga littattafai na Arewacin Nijeriya, ya fara a 1966. Littafin da ke ɗauke da tambarin NNPC ba zai riga 1966 ba, ko da shafin ciki ya ambaci wata shekara ta baya, domin wannan shekarar ta bugun farko ce. Kuɗin da ke bango shi ma shaida ne: Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira ranar 1 ga Janairu 1973, saboda haka farashin sule yana nuna kafin wannan rana, farashin naira kuma bayanta. A duba da kyau ko an manna wata ƴar takarda ko an buga hatimi a kan tsohon farashi, domin wannan yana nufin tsohon kaya ne aka ci gaba da sayarwa. Adireshin maɗaba'a yakan tona asiri: in ya ambaci Jihar Katsina, bai riga 1987 ba, in kuma akwai lambar wayar salula ta GSM ta Nijeriya, bai riga 2001 ba. Lambar ISBN, wato lambar rajistar littafi, mai lamba goma sha uku galibi tana nuna 2007 ko bayanta.

Ga abin da aka buga a nan Nijar, ƙa'idar rubutu ce babbar jagora. Bayan taron Bamako na 1966, ƙasidun yaƙi da jahilci sun daɗe suna ninka wasali don nuna tsawonsa, sai ka ga an rubuta "kaasuwaa", kuma yawancinsu bugun roniyo ne, wato tsohuwar na'urar kwafe takardu da yawa, a kan takarda mai kaushi. Harafin ƴ shi ma alama ce ta wannan ɓangaren, tunda a Nijeriya 'y ake rubutawa. Kada a manta da abin da masu littafin suka rubuta da hannu, kamar ranar saye ko hatimin wata lakwal, domin yana tabbatar da cewa bugun ya riga wannan rana. Duk shekarar da aka samo ta hanyar kirdado irin wannan a sa ta cikin baka, a rubuta dalilin a gefenta, misali "kafin 1973, saboda farashin sule". Shekarar da aka sa babu dalili ba ta da amfani ga wanda zai zo bayanmu, domin ba shi da hanyar gwada ta.

Mataki na biyar, a rarrabe sabon bugu da maimaici da fotokofi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ajiye kwafi biyu gefe da gefe, a buɗe shafi ɗaya a kowanne, a duba kalmar da ta fara shafin da wadda ta rufe shi. In sun dace a shafi uku ko huɗu da aka zaɓa daga wurare daban-daban, to allon bugu ɗaya ne aka maimaita, ko da launin bango ya sauya. In sun saɓa, an sake tsara rubutun, kuma wannan sabon bugu ne mai neman katinsa. Fotokofin da aka yi wa bango aka kai kasuwa yakan bayyana ta baƙin layi a gefen shafi, da ɗigo-ɗigon da ke maimaituwa, da hatimin wani mai littafi da ya fito baƙi maimakon shuɗi. Irin wannan a ambace shi ƙarƙashin bugun da aka kwafo, kada a ba shi lamba tasa. Na taɓa sayen irinsa da jaka biyar a hannun wani mai tebur, ina murna na samu bugun farko, sai da na kai zaure wani dattijo ya shafa shafin da yatsa ya ce mini, "Malam, wannan tawadar a bisa takarda take kwance, ba ta shiga cikinta ba." Tun daga ranar nake shafa takarda kafin in taya.

Mataki na shida ya shafi jingina waƙa ga mai ita. Sha'iran Hausa da yawa sukan ambaci sunansu a baitocin ƙarshe, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, amma masu kwafa sukan cire baitin ko su sa wani suna. Akwai kuma tahamisi, inda wani sha'iri ke ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na wani, waƙar ta koma ƙwar biyar. A irin wannan dole a ambaci mutum biyun, a faɗi wane ne mai asali. Waƙar da bango kaɗai ya jingina ga sha'irinku, alhali babu sunansa a ciki kuma salonta bai yi kama da nasa ba, a ware mata sashen waɗanda ake kokwanto, a bar ta a can har hujja ta zo. Shahararren suna yana sayar da littafi, kuma masu bugun kasuwa sun san haka.

Mataki na bakwai shi ne zuwa wurin masu littattafan, kuma a nan ladabi ya fi ilimi aiki. Mafi yawan bugun da ba a samu a kasuwa suna cikin adakar malamai da gidajen magada, a Maraɗi da Tibiri da Madarunfa da Tasawa. Ba a shiga gidan malami a fara da tambayar littafi. A nemi wanda ya san shi ya yi rakiya, a gaisa, a yi wa mamaci addu'a idan magada ne, a bayyana manufar a fili: "Allah ya gafarta Malam, ba saye muka zo ba, so muke mu gani mu rubuta sunansu don kada su ɓata." Kada a nemi aron littafi a tafi da shi, domin rashin mayar da aro ne ya sa ƙofofi da yawa suka rufe. A cika katin a nan gaban mai shi, a nemi izini kafin a ɗauki hoto da waya, a ɗauki bango gaba da baya da shafin farko da na ƙarshe, a ajiye ma'auni a gefe don girman ya fito. Littafin da warƙoƙinsa ba a ɗinke suke ba a juya su ɗaya bayan ɗaya, a mayar da su yadda aka tarar. Sunan mai littafin kuma ba ya shiga jerin da za a fitar sai da yardarsa. In bai yarda ba, a rubuta "tarin wani malami a Tibiri", cikakken bayanin ya tsaya a kayen da ke hannun mai kula da aikin.

Bayan katuna sun taru sai mataki na takwas, wato zaman tantancewa. Kowa ya zo da abin da ke hannunsa, a shimfiɗa tabarma, a ajiye shayi da ruwa nesa da takardu, mutum ɗaya ya riƙa karanta kati da ƙarfi, wani yana bin littafin da ido. Mu mun kasa shigarwar kashi uku: wanda biyu daga cikinmu suka riƙe da hannu, wanda hotonsa kaɗai muka gani, da wanda muka tsinta a wani jeri ko a bakin wani. Kowane layi yana ɗauke da alamar kashinsa. In gardama ta tashi a kan shekara ko jingina kuma hujja ba ta raba ta ba, a rubuta ra'ayi biyun da dalilin kowanne, ko da mai ra'ayi na biyu shi ne ƙarami a zauren. Na ga yadda kunyar dattijo takan sa a yi shiru a kan kuskure, kuma takardar da za ta yi shekaru ana dogara da ita ba ta jure wannan kunyar.

Wajen tsarawa, a jera waƙoƙin bisa shekarar tsara su in an sani, ƙarƙashin kowace kuma a jera bugunta daga tsoho zuwa sabo. Lambobin tsohon jeri a bar su yadda suke, saboda wasu sun riga sun ambace su a rubuce-rubucensu. Sabon abin da aka samu a ba shi lamba da harafi, kamar 7a, wanda aka soke kuma a bar lambarsa a rubuta dalilin sokewa. A gaban jerin a sa ɗan bayani mai faɗin abin da aka ƙara, da abin da aka gyara, da ranar da aka rufe wannan zagaye, a kuma ambaci sunan wanda ya tsara na farko tare da yi masa addu'a. A ƙarshe a sa fihirisar baitocin farko bisa tsarin abacada, domin ita ce mai neman waƙa zai fi buɗewa.

Mataki na ƙarshe shi ne adanawa. A buga jerin a takarda ko da an shigar da shi kwamfuta, a kai kwafi ɗakin karatu na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke nan Maraɗi, a aika wani Yamai, a ba iyalan sha'irin nasu. Hotunan a ajiye su wuri biyu aƙalla, kowanne da lambar katinsa a matsayin suna, domin waya tana ɓata kuma tana lalacewa. Su kansu littattafan a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango saboda gara, kada a rufe su cikin leda lokacin damina domin laima tana taruwa a ciki, kada kuma a liƙe yagewa da salatif, tunda yakan bar tabon da ba ya fita. A riƙa buɗe adakar ana dubawa a farkon damina da ƙarshenta, kuma a bar shafuka biyu farare a bayan kwafin zaure, inda za a riƙa rubuta duk sabon bugun da ya bayyana tare da ranar da aka gan shi da sunan waɗanda suka gani.